Riga Ɗaya, Yara Biyu

Ranar da aka koma firamare bayan annoba, ina tsaye a bakin ƙofa kusa da bokitin wanke hannu. An raba yara, wasu safe, wasu yamma. Wata mata tana ta faɗa, wani direba yana saurarenta.

"Duk 'ya'yana biyu hedimasta ya zuba su safe! Wa ya aike shi?"

"Haba baiwar Allah, ai gata ya yi miki. Ni tawa yamma aka jefa ta."

"Riƙe gatanka! Wata takwas suna gida suna tsawo. Rigar makarantar ƙaramar ko kanta ba ya shiga. Ta babbar kaɗai ta rage, ita ma da ƙyar. Na shirya wannan ta cire, waccan ta saka."

Sai ta kau da kai.

"To ni fa?" ya ce da zafi. "Da safe ina kan hanya. Wa zan bar wa yarinya? Cutar nan ce ta ɗauke uwarta."

"Allah Ya jiƙanta. Ajinta nawa?"

"Uku."

"Ƙaramata ma uku. Wuce mu je wurin hedimastan, malam. Yau ko ya musanya su, ko ya ɗinka mini riga."