Fasfon Ummulkhairi da Igiyar Akuyata

Assalamu alaikum. Mai girma magajin garin Garhanga, malam liman, mushe, wato malam, diraktan lakkwal, makarantar bokon nan tamu, da malamansa, iyaye mata abokan dakana, ƴan lakkwal masu jiran kyauta, da ɗana Gajere da ke laɓewa bayan kujerar liman, ina gaishe ku gaba ɗaya.

Na gode da kunka ba tsohuwa makirfo, kunka ce in yi magana kan karatun ɗiya mata. To, ku kunka ja wa kanku.

Na farko, jikata Ummulkhairi. Bisa bencin nan ta fara, yau jami'ar ƙasar waje ta kira ta karatun taurari, jirginta ran Laraba. Sai ubanta Gajere ya kulle fasfonta cikin akwati, ya ce mini: "Iya, ina amfanin karatun abin da ba a gani? Ta zauna ta nemi aikin biro, na zaman ofis."

Na biyu, na zaunar da ita na ce: "Ke mai raina tuwona, mi kike nema a sama?" Ta ce can nesa akwai garkunan taurari, waɗansu sun tsinke kamar furar da anka cika wa ruwa, da ƙyar madubin hange ke kama haskensu. Amma cikinsu akwai dunƙule-dunƙule, taurari dubbai a cure kamar dawo, gudunsu take aunawa. In suna zagaye da ƙarfi ba su tsere ba, lalle wani abu mai nauyi, marar haske, na riƙe da su. A waɗansu garkunan kuwa sannu suke tafiya, kamar abin ya ƙaranta, masana na ta gardama. Amsar nan take so ta nemo.

Na ce, ai wannan akuyata ce! Ka hango ta daga kan tudu tana zagaye wuri guda, ga wake kusa ba ta taɓa ba. Ba ka ga igiya ba, ba ka ga turke ba, amma wa zai ce sake take?

Na uku, Gajere, ɗago kanka. Shekara ashirin kana ginar rijiya. Ka taɓa ganin ruwan kafin ka sa diga? Gawo kake dubawa, ka duba ƙasa, ka ce a gina nan. Kai ka ci abinci da abin da ba a gani, ita ka hana ta?

Ka kuma manta akwatin nan na aurena ne, mabuɗi biyu gare shi. Jama'a, ga fasfon, tun safe yana ƙulle a bakin zanena. Ummulkhairi, taso ki amsa gaban liman. Mai son ƙwacewa ya fara ture wadda ta goya shi.

Allah ya kai ta lafiya, ya buɗa wa yaran nan kai, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gida lafiya. Allah ya huci zuciyar Gajere, tuwonsa na nan na rufe masa.

Na gode.