Abin da nake shaƙa a bayan coci

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Ni ce Rifkatu ta ƙungiyar mawaƙa, wadda kuka saba gani a bencin baya kwanakin nan.

Zan fara da inda kowa ya yi kuskure. Ba ƙwaya nake sha ba. Ba sholisho nake shaƙa ba. Abin da aka ga ina kaiwa baki a bayan coci maganin asma ne, inhela ake ce masa. Ga irinsa a hannuna, ku dube shi da kyau.

Tun muna Yasore, kafin rashin tsaro ya koro mu cikin Batsari, ƙirjina ke kuka kamar usur. A ƙaramin asibitin da ake kai ni, ciwon huhu ɗaya aka sani: tarin fuka. An gwada kakina, ba a ga komai ba, amma aka ɗora ni a kan maganinsa tun da shi kaɗai ke akwai. Wata da watanni ina haɗiya, ba sauƙi. A gida aka ware mini kofi da kwano. Ƙannena suka daina zama tabarma ɗaya da ni. Sai da na tafi sakandare a Katsina wani likita ya saurari ƙirjina ya ce asma ce, ba ta yaɗuwa.

Ban manta da kofin nan ba. Da muka zo nan, na rantse babu wanda zai san ina da ciwon ƙirji. In numfashi ya fara sarƙewa a tsakiyar waƙa, sai in zame in tafi bayan coci in shaƙa.

Can Mama Laraba, shugabar zumuntar mata, ta kama ni.

"Ke Rifkatu! Me kike zuƙa? Buɗe hannunki in gani!"

Na cusa shi a zani, na wuce ta. Dattawa suka kira ni. Baba Fasto ya ce, "'Yata, faɗa mana gaskiya mu taimake ki." Na kafa ido a ƙasa, na ƙi faɗa. Kun ji abin kunya? Na gwammace a kira ni 'yar ƙwaya da a kira ni mai tari! Aka sa ni a horo, aka mayar da ni bencin baya. Na koma gida da fushi, na jefa maganin a masai.

Bayan girbi na tafi Runka taya gwaggona sussukar gero. Ƙaiƙayi ya tashi, ƙirjina ya rufe ruf. Kawu Bitrus ya ɗaure ni a bayansa da zani, ya kai ni wani ƙaramin asibiti a babur. Ma'aikacin ya yi ta kai-komo, shi ma hankalinsa a tashe.

"Baba, ba mu da oksijin, ba mu da inhela. Sai Katsina."

Kawu ya ce, "Katsina? La'asar ta wuce, wane direba zai bi hanyar nan yanzu?"

Ina kwance a benci, bakina a buɗe, iska ta ƙi shiga. Ko sunan Yesu ban iya furtawa ba. A zuci na ce, "Ubangiji, ba ni da bakin magana a gabanka. Numfashi ɗaya nake roƙo."

Wata tsohuwa Musulma na zaune a gefe, ta zo awon jini, Inna Hajo suke ce mata. Ta sa hannu cikin hijabi, ta kwance ƙullin leda, ta fito da irin nawa.

"Ɗago ta, malam. Buɗe baki, 'yar nan. Ja!"

Na ja. Na sake ja. 'Yan'uwa, iska ta shiga! Haleluya!

Da na dawo hayyacina ta ce, "Na ga kin iya. Ina naki?" Na faɗa mata.

"A masai? Innalillahi! Ni sai ɗana ya aiko daga Kano nake samu, ina lallaɓa shi kamar jariri, ke kina jefarwa don kar a gan ki? Ba don ba ki da lafiya ba, da na mare ki."

Har Kawu sai da ya yi dariya. Ni kuka na yi.

Ba zan ce muku na warke ba. Ciwon na nan, kuma har yau babu inda ake gwada huhu a kusa da mu. Amma Ubangiji ya fisge ni daga bakin kabari, ya kuma buɗe mini baki. Na gode masa. Mama Laraba, ki yafe mini, ke tambaya kika yi.

Daga bencin baya ana jin komai. Na ji tarin iyayenmu mata da suka tsufa a hayaƙin murhu, na ji yadda kuke danne shi lokacin addu'a. Ku dogara ga Yesu, ku daina ɓoyewa.

Ranar Talata zan tafi Katsina a gwada ni, in sayo wa Inna Hajo sabo a madadin wannan nata da ta bar mini. Mahaifiyata ma tana tarin nan, za ta bi ni, ko tana so ko ba ta so. Duk wadda za ta je, ta same mu a tasha da sassafe. Ba na jira.