Aku Ba Ya Fara Magana

Dattijon ya daɗe tsaye gaban kejin aku kafin mai tsuntsaye ya tanka masa.

"Baba, ka taɓa kiwon tsuntsu?"

"Ko kaza ban taɓa ba. Mai ɗakina ce mai kiwo, Allah Ya jiƙanta. Wannan nake so, an ce yana hira."

"Amin. Sai dai aku ba ya fara magana, Baba. Abin da ya ji a gida yake maimaitawa. Su wa ke gidan?"

Dattijon ya gyara riƙon sandarsa.

"Daga ni sai agogon bango."

"To, ga kanari. Tsaba da ruwa kawai, kuma ba ya jiran kowa, da kansa yake waƙa."

"Ba ni shi, ɗana. Kada in koya wa akun mutane shiru."