Garin Da Ban Faɗi Sunansa Ba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ne Nasiru, sabon ɗan jarida daga Kaura Namoda.

Bana da kaka na je wani ƙauye a yankin Zurmi, na tarar rumbuna cike da gero. Na ɗauki muryoyin manoma, ba wanda ya hana ni, alhamdulillahi. Zan hau mashin sai wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ka faɗa wa duniya mun samu gero, amma kada ka ambaci garinmu. 'Yan bindiga ma suna jin rediyo."

Wallahi ba don shi ba, da na faɗa. Baba, na gode. Ina gaishe ka, amma ba zan faɗi inda kake ba.