Taga Ta Uku

A shagon mai saka firam, wani dattijo ya tsaya yana kallon zanen fentin mai da wata mata ta kawo, layin benaye cikin ruwan sama.

"Ke kika zana, 'yata?"

"Ni ce, Baba. Daga ɗakina nake hango layin."

"To kin yi kuskure. Taga ta ukun nan tawa ce. Tun rasuwar matata ban sake kunna fitilar ɗakin ba."

"Na sani. Shekara biyu ke nan."

"To me ya sa kika haska ta?"

"Ni kaɗai nake zaune. Da can haskenta ke taya ni cin abincin yamma."

Dattijon ya sake duban tagar da ke cikin zanen.

"Ƙarfe nawa kike ci?"