Sifikar Waɗanda Suka Fita

A wata rumfar kayan sauti a kasuwar Kitwe ta ƙasar Zambiya, Kangwa, makaɗin gitar bas a coci, yana ta jujjuya wata amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti. Wani dattijo mai jiran gyaran rediyo ya leƙo.

"Ɗana, sifika nawa za ka haɗa mata?"

"Biyu, Baba. Mai om takwas da mai om huɗu."

"In ka haɗa su, nauyin ya fi ƙarfinta. Ranar Lahadi hayaƙi za ku sha, ba waƙa ba. Ajiye ɗaya."

"Wacce? Cocinmu ne ya rabu, kwanan nan muka shirya. Kowane ɓangare ya zo da tasa. Wadda na ajiye, masu ita za su ce su na ajiye."

"To, nemi amfilifaya mai jure om biyu. Amma om ma'aunin turjiya ga wutar lantarki ne, ƙarancinsa shi ne yawan jan wuta: mai huɗun za ta ja ninkin ƙarfin ɗayar, ita za a fi ji."

Mai takwas ɗin ta ɓangaren su Kangwa ce.

"Mai huɗun ta waɗanda suka fita ce, Baba. Kukansu ke nan, wai ba ma jin su."

"Af! To me kake jira?"

Kangwa ya yi dariya, ya ƙwala wa mai rumfa kira: "Sauko mini da mai om biyun!"