Rigunan Harisu a Gonar Dawa

A tashar Ƙanƙara, motar Faskari tana jiran cika. Harisu, ɗan wasan tsakiya, na zaune a benci rungume da takalman ƙwallonsa, wani dattijo a gefensa sai kallon jesin jikinsa yake.

"Samari, ƙwallo kake yi?"

"Ita nike yi, Baba. Gwaji za ni wata ƙungiya a Faskari. In ba su ɗauke ni ba, na bar ta ke nan."

"Da can wa kake buga mawa?"

"Wa ban buga mawa ba? Funtuwa, Malumfashi, Bakori, har Zariya. Kowa ya ba ni jesi, kakar wasa na ƙarewa ya sallame ni. Wai na iya tare hanya, amma ba ni cin ƙwallo."

"To, ina rigunan?"

"Suna Damari, tsohuwata ta adana mani."

Dattijon ya buga cinya. "Kai ne ɗan Hajiya Baraka, mai lamba takwas? Ai gonarmu iyaka ɗaya! Duk ta sanya ma mutum-mutumi, ja da kore da ruwan ɗorawa, ga su nan jere cikin dawa."

Harisu ya saki baki. "Rigunana? A gona?"

"Wallahi bana ko tsuntsu ɗaya bai wuce ka ba. Kan tawa dawar suka koma."

Harisu ya yi dariya har takalmi ya faɗi.

"Don haka kada ka kuskura ka bari," in ji dattijon. "Ka dage su ɗauke ka. Ranar da suka sallame ka, ni za ka ba rigar."